Ƙwaryar Jummare

"Sauke ƙwaryar nan, Agwai! Sauke ta tun ban tara miki jama'a ba!"

Maimunatu ce take wannan kururuwa, tana tsaye a gurbin katangar da ta zube tsakanin gidanta da na maƙwabta tun wata damina can baya, wadda ba wanda ya taɓa tunanin gyarawa. Garwashi ta zo ɗiba, sai ta tarar da maƙwabciyarta Jummare a tsakar gida da ƙatuwar ƙwarya a ka, cike da ruwa. Kwalar asibitin da aka ce kada ta yi nisa da wuyanta kuwa tana can rataye a igiyar shanya, kusa da safar yara.

"Wa ya ba baiwa izinin leƙen gidan uwargijiyarta?" in ji Jummare, ba tare da ta waiwayo ba. Ba ta ma iya waiwayen. Tun bara wuyanta ya ƙi juyawa, in za ta dubi mutum sai ta juya jikinta gaba ɗaya. "Koma ki ci gaba da turara ɗakinki, Babarbariya mai fuska kamar kaza ta yi tono."

"Ni ce baiwar? Ubana ne fa ya sayi kakanki da buhun gero, har aka ba shi gyara!"

Duk wanda ya zauna a layin Ali Kazaure da ke Jos ya san wannan gaisuwa. Wasan Fulani da Barebari ne, amma waɗannan biyu sun ɗauke shi kamar sana'a. Tun suna goyo suke yi, ga shi har sun yi jikoki, ba a taɓa jin ɗaya ta ce wa ɗaya "ina kwana" ba. Baƙo in ya ji su sai ya miƙe zai raba faɗa, yaran layi su yi ta dariya.

Jummare ta ɗaga ƙafa ta taka. Ta sake takawa. A taku na gaba sai ƙwaryar ta karkata, ruwa ya kwararo mata ta goshi, ya bi haɓa, ya jiƙa gaban rigarta. Maimunatu ta tuntsire da dariya har da tafi, don abin da take jira ke nan tun ƙuruciya.

"Yau ga Bafulatana ta yi ɓari! A kira min mai hoto!"

Jummare ta kai hannu za ta tallafe ƙwaryar, yatsun suka zame a gefenta kamar ba nata ba. Nan dariyar Maimunatu ta yanke. Ta jefar da kaskon garwashi, ta ruga ta sauke mata ƙwaryar, ta ciro kwalar daga igiya ta ɗaura mata. Da take ɗaurawa ta ji yadda jijiyoyin wuyan suka sandare, ta kuma ga gumi a goshin Jummare duk da sanyin safiyar Jos.

Allah sarki, wannan wuya! Da kun ga shi a da. Lokacin Jummare tana rugar mijinta a bayan Kuru, kullum da sassafe takan fito titi da 'yan uwanta, su hau motar kasuwa su sauka cikin gari, sannan su bi unguwanni a ƙafa. Ita ce ke gaba, doguwa, siririya, ƙwarya bisa ƙwarya a kanta, hannuwanta a sake suna lilo. Tana iya tsallake kwata, ta kauce wa mai keke, ta juya ta zagi mai neman ragi, kindirmon nan ko motsi ba ya yi. Maimunatu kuwa amarya ce a lokacin, 'yar Barebarin da aikin kuza ya kawo kakanninta Jos. Ranar da ta fara kiran mai nono ta ce mata, "Zo nan, baiwata," don ta gwada. Jummare ta dubi tsagen fuskarta ta ce, "Af, ashe nan kika gudo. Mun daɗe muna cigiya." Shi ke nan, aka ƙulla. Da shanu suka ragu, mijin Jummare ya koma dillanci a kara, ba ta yarda an nemi gida a ko'ina ba sai jikin katangar Maimunatu. Ta ce ba ta barin dukiyarta a hannun mutane.

Ciwon ya daɗe yana cinta kafin kowa ya sani. Fulako ai ba ƙarya ba ne: Bafulatana ta ce wayyo a gaban ɗanta na fari da surukarta? Ina! In an tambaye ta sai ta ce, "Da sauƙi." A ɓoye ta je wanzami ya yi mata ƙaho a kafaɗa. A ɓoye kuma aka kai ta wurin wani mai ɗori da ya kama kanta ya murɗa, wuyan ya ce ƙas, ya ce ya mayar da jijiya. Tun daga ranar yatsunta suka fara mutuwa, allura ta gagare ta, har ludayi ya riƙa suɓuce mata. Maimunatu ce ta gano, ita ce kuma ta tasa Uzairu, ɗan Jummare, gaba sai da ya kai ta asibiti.

Mai gashin ƙashi a asibitin wata yarinya ce, Munachi, haifaffiyar Jos, mai Hausar 'yan gari. Ta ɗaga hoton ƙashi ta nuna musu.

"Mama, duba nan. Ƙashin wuyanka ya cinye, yana danne laka. Shi ya sa hannunka yana mutuwa. Kaya da ka ɗauka shekara da shekaru ne, da tsufa."

"Yarinyar nan ta mayar da ni namiji," in ji Jummare.

"Ai gaskiya ta faɗa, taurin kan naki na maza ne," in ji Maimunatu.

Munachi ta yi dariya, amma ba ta sassauta ba. Babban likita ya kawo maganar aiki, Jummare ta ce ita ba kaza ba ce da za a kai mata wuƙa wuya, aka bar maganar. Sai aka kafa mata dokoki: gashi da ruwan ɗumi safe da yamma, matashi marar tudu, kwala in za ta yi zirga-zirga, motsa kafaɗu a hankali, da jan haɓa ciki kamar kunkuru. Kada wani ya sake murɗa wuyan nan. Kaya a ka kuwa, ko faifai ne, an haramta.

"Mama, in ka faɗi da kaya a kai, ƙafa ma zai iya mutuwa," in ji Munachi. "Ba wasa nake yi ba."

To, wa zai yi gashin? Jummare ba ta buɗe wa Madina, matar Uzairu, bayanta. Kunyar suruka ta hana. Sai aikin ya faɗo kan Maimunatu, ita kuwa abin nema ya samu. Kowace safiya takan ɓullo ta gurbin katanga da bokitin ruwan zafi da tawul tana cewa, "Ina baiwata? Na zo duba dukiyata, kada ta lalace a rasa mai saye." Ta matse tawul ta ɗora a ƙeyar, ta bi kafaɗun da man zafi, suna zage-zage. A cikin zagin nan ne kawai Jummare ke faɗin gaskiya. "Hannun Barebari kamar itace, kin sa wuta tana bin hannuna na hagu har yatsa." Maimunatu ta ji, ta riƙe, ranar asibiti ta faɗa wa Munachi.

Da haka aka lallaɓa har aka sa ranar auren Asta, jikar Jummare, 'yar Uzairu ta fari. Angon ɗan unguwar Kwararafa ne. Daga nan ne rigima ta tashi, don a dangin su Jummare akwai abin da ba a tsallakewa: ranar kai amarya, babbar mace a gidan ce ke ɗaukar ƙwaryar gado a ka, da sabon nono a ciki, ta taka da ƙafarta har ɗakin amarya ta sauke da hannunta. Kakarta ta kai wa uwarta, uwarta ta kai mata. Ƙwaryar nan ce Maimunatu ta kama ta tana gwaji da ita.

Da yammacin ranar da aka yi ɓarin, Uzairu ya shigo gidan Maimunatu ya durƙusa a bakin ƙofa, yana murza hularsa.

"Iya, ni ba ta ko kallon fuskata, balle ta ji maganata. Madina ta ce kullum in mun fita sai ta ɗauka. Don Allah ki ɗauke ƙwaryar nan ki ajiye a wurinki. Ranar biki a sa ta a mota."

"A mota? Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Na sani, Iya. Amma gara ta yi fushi tana tafiya da ƙafarta."

Maimunatu ta juya maganar a ranta. Ta tuna yatsun nan da suka zame. Washegari, Jummare tana banɗaki, ta shiga ɗakinta ta ɗauke ƙwaryar daga kan gado, ta haɗa da gammon da faifan, ta bi ta gurbin katanga da sauri kamar ɓarauniya. Ta ɗora su can saman kwabarta ta rufe da tsohon zane. Ta ce a ranta, za ta sha zagi na kwana biyu, daga nan a wuce wurin.

Da safe ta ɗauki bokitinta ta shiga. "Ina baiwata?"

Jummare na zaune a bakin gado, ta ɗaura kwalarta da kanta, ta yafa mayafi kamar mai jiran baƙi. Ta juyo da jikinta gaba ɗaya.

"Ina kwana, Hajiya Maimunatu. An tashi lafiya? Ya sanyi? Ya yara?"

Maimunatu ta tsaya da bokiti a hannu. "Ke, Agwai, aljanu ne suka shafe ki?"

"Madina, kawo wa Hajiya tabarma. Hajiya, an gode da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri. Daga yau Madina za ta riƙa yi min gashin, kada a riƙa wahalar da ke."

Wallahi da mari ta kwaɗa mata da ya fi sauƙi. Maimunatu ta zauna a tabarmar nan kamar baƙuwar da ta zo daga wani gari, tana kallo Jummare ta juya baya, ta zame mayafi, ta buɗe wa surukarta kafaɗun da ta shekara tana ɓoyewa. Ba wanda ya ambaci ƙwarya.

Ta ɗauka abin na kwana biyu ne, sai ya zarce. Ta gwada duk dabarar da ta sani. Ta tsaya a gurbin katanga ta yi ta yi wa Fulani tsiya da ƙarfi, wai sun fi son saniya da uwarsu; aka amsa mata da "Sannu da aiki, Hajiya." Ta dafa burabusko ta aika, abincin da Jummare ke kira tsakin kaji, kwanon ya dawo a wanke tas, da goro biyu a ciki, da saƙon godiya. Goron nan ya fi komai ƙona mata rai. Mutanen layi suka fara tambaya ko lafiya, don unguwar ta yi shiru. Mai kanti ya ce shi ya daina sanin lokacin buɗe shago, da muryarsu yake tashi.

Abin ya ci Maimunatu ƙwarai. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse garuruwa, ƙawayen ƙuruciya an binne wasu, wasu sun ƙaura. Duk garin Jos kowa Hajiya yake ce mata, kowa rusuna mata yake yi. Mutum ɗaya ce ta rage da ke kallonta ta ga yarinyar nan mai rawar kai da ta kira mai nono a ƙofar gida, ga shi ita ma ta koma rusunawa. Sau da yawa takan ɗaga kai ta dubi saman kwaba, ta kai hannu, sai ta tuna maganar Munachi ta janye. Ta ce, bari dai a yi bikin nan lafiya, in ya so ta yanka ni.

Ba a kai bikin ba. Wata safiya cikin watan Agusta, ana yayyafin nan na Jos da ba ya tsayawa, Jummare ta fito alwala, ƙafafunta suka saki a bakin rijiya. Ba komai a kanta, ko ɗankwali mai nauyi babu, kwalar ma tana wuyanta. Ihun Madina ne ya fito da Maimunatu ba takalmi.

An kwantar da ita a asibiti, aka yi abin da za a iya. Likita ya ja Uzairu gefe ya ce lakar ta taɓu, ga shekaru, ga ƙirji ya fara tara ruwa saboda kwanciya. Jummare ta ce a mayar da ita ɗakinta. Aka dawo da ita a kwance, hannuwa ba sa ɗaguwa, kai ba ya juyawa, ido na kallon silin. Munachi ta zo har gida ta koya wa Madina yadda za a riƙa juya ta da jera matasai don kada bayanta ya yi gyambo. Da za ta tafi ta riƙe hannun Maimunatu a zaure.

Maimunatu ta koma ɗakinta ta zauna a ƙasa. Ta raba baiwar Allah da abu ɗaya da take so, don kada ta faɗi, ga shi ta faɗi hannu rabbana. Ta yi kuka mai isarta, ta share fuska, ta taka kujera ta sauko da ƙwaryar. Tsohuwar ƙwarya ce, ta yi ja don shan man shanu, da zanen wuta a gefenta, da wani tsage da uwar Jummare ta ɗinke da zare tun kafin a haifi Uzairu. Gammon kuwa guntun zane ne da ya yi baƙi, tsakiyarsa ta lotsa daidai kan mai shi. Har yanzu yana ƙanshin nono da hayaƙin ruga.

Bayan azahar ta shiga da su. Jummare ta ji takunta.

"Sannu da zuwa, Hajiya," ta ce, muryar ta zama siririya. "Ya gida?"

"Na kawo miki kayanki."

"An gode."

Maimunatu ta ajiye ƙwaryar a gefen gado, sai ta lura Jummare ba ta iya juyowa ta gani. Ta ɗaga ta sama da hannu, hannun ya gaji. Ba ta san lokacin da ta ɗora gammon a kanta ba, ta aza ƙwaryar, ta matsa ƙarshen gado inda idon mai jinya ke kaiwa. Ta tsaya nan, gajeriya, mai jiki, ta ƙanƙame ƙwaryar da hannu biyu, ta noƙe wuya cikin kafaɗu kamar wadda ake shirin rankwasa.

Jummare ta daɗe tana kallonta. Ƙirjinta na hawa yana sauka. Leɓenta ya motsa, ta danne, ya sake motsawa.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Kai, Barebari ba su yi ba. Sauke hannuwan nan, baiwa. Ƙwaryar uwata ce, ba kaskon turaren wuta ba."

Maimunatu ta fashe da dariya da kuka a haɗe, ƙwaryar na rawa a kanta. "Sake faɗa, 'yar nema! Sake faɗa in ji!"

"Na ce baiwa. Ɓarauniyar baiwa ma. Miƙe wuyan nan, kin tsaya kamar buhun dankali."

Madina da ke bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi ta fita.

Daga ranar aka buɗe makaranta. Uzairu ya juya gadon, aka tallafe Jummare da matasai yadda fuskarta za ta dubi ƙofa, tsakar gida ta zama filin koyo. Maimunatu ta zuba ruwa rabin ƙwarya, ta tafi daga rijiya zuwa turken akuya, ta dawo, kullum tana jiƙewa har ciki. Daga ɗaki kuma siririyar murya na bin ta.

"Kada ki dubi ƙasa, ƙasa ba ta gudu. Dubi inda za ki."

"To in na taka kashin akuya fa?"

"Ki taka, danginku ne. Saki kafaɗa. Ba wuya ke ɗaukar kaya ba, ƙugu ne."

"To ke me ya karya naki wuyan, gwana?"

"Hanya ce ta yi tsawo," in ji Jummare.

In numfashi ya ba ta dama, takan faɗi hanyar. Yadda hazon safiya ke kwanciya a kan duwatsun Kuru, su fito a jere, ba a ganin komai sai ƙoren da ke gaba. Yadda suke ratsa gefen tafkunan kuza, ruwan kore shar, suna tsoron aljanunsa suna kuma leƙawa su ga inuwarsu. Kukan jirgin ƙasa daga Bukuru. Matan Birom da ke tare su da acca a yi musaya da man shanu. Tsohuwar kasuwar Taminus kafin gobara, inda mai nono ke da wurin zamanta ba mai taɓawa. Ta lissafa 'yan uwan tafiyarta ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ta ce Allah ya jiƙanta.

"Asta ba ta taɓa ganina ba," ta ce wata rana, bayan tari ya sake ta. "Tsohuwa mai kwala ta sani. So na yi ta gan ni sau ɗaya ina tafiya irin ta da, ta san daga inda ta fito. Shi ke nan fa abin da na nema."

"Ki yafe min, Jummare."

"Ji min baiwa da kiran sunan uwargijiyarta gatsau. Tashi ki ɗauki kaya. Ke za ki kai, tunda ke kika sata."

Ranar Alhamis da la'asar ruwa ya ɗauke, rana ta ɗan leƙo. Jikin Jummare ya yi nauyi tun safe, ko kunu ba ta karɓa ba, Madina na zaune a kanta tana mata addu'a. Maimunatu ta so a bar koyo ranar, Jummare ta motsa ido wajen ƙwaryar.

"Je ki dawo. Ina kallo."

Maimunatu ta aza, ta saki hannuwa. Ta kafa ido a kan turke ta tafi. Wani abu ya daidaita a ƙugunta, ta ji ruwan ya kwanta lif, kamar ba ta ɗauki komai ba. Ta kewaye akuya, ta juyo, ta nufo ƙofar ɗakin, goshinta a bushe.

"Agwai! Kin gani? Ko ɗigo! Yau sai ki nemo wani zagin!"

Ba a amsa ba. Sai salatin Madina da ya tashi daga cikin ɗaki. Maimunatu ta tsaya cak a tsakar gida da ƙwarya a ka. Ta durƙusa a hankali yadda aka koya mata, baya a miƙe, ta sauke ta ajiye, sannan ta shiga. Idon Jummare na kan ƙofa. Maimunatu ce ta shafe shi, ta kwance kwalar, ta miƙa wa Madina. Ita ce kuma ta yi mata wanka, ta tallafi wuyan nan da tafin hannu har aka gama, ko da yake yanzu ba abin da zai ƙara yi masa ciwo.

An ɗaga bikin zuwa bayan arba'in. Ranar kai amarya Uzairu ya sake zuwa ya durƙusa, ya ce ga mota, Iya ma ai ba yarinya ba ce, kada a gyara ɗaya a ɓata ɗaya. Maimunatu ta ce nonon rabin ƙwarya ne, tafiyar kuma sau ɗaya ce a rayuwa, ya tashi ya ba ta wuri. Wata daga dangin Jummare ta kawo kindirmo daga Kuru, aka zuba, aka rufe da faifai.

Haka ta fito layin Ali Kazaure, motar amarya ta riga ta wuce, mata na biye da ita suna guɗa. Masu keke na danna ham suna kaucewa. Mai kanti ya fito ƙofar shago ya cire hula. Tsofaffin unguwa da suka san ƙwaryar suka bi ta da kallo, wata ta ce, "Allah ya jiƙan Jummare," wata ta ɗauka. Maimunatu ba ta dubi kowa ba, ba ta dubi ƙasa ba. Wuyanta ya ɗauki zafi tun kafin su fita unguwa, zafin ya sauka tsakanin kafaɗunta, ta ce a ranta, ashe abin da kika sha ke nan kina cewa da sauƙi. Ta tsallake kwata, ta hau 'yar gangaren shiga Kwararafa, hannuwanta a sake.

A ƙofar ɗakin amarya ne aka samu matsala. Dokin ƙofar na da tudu, saman kuma gajere, ba a koya mata wannan ba. Ta rusuna, ta ɗaga ƙafa, ƙwaryar ta ɗan karkata. Nono ya ɓullo ta ƙarƙashin faifai, ya gangaro ta bayan kunnenta. Ta dai kai, ta durƙusa gaban gado, ta sauke da hannunta.

Mata suka yi caa. "Sannu, Hajiya!" "Kai, Hajiya ta yi ƙoƙari!" "Allah ya saka da alheri, Hajiya, a kawo mata kujera." Wata ta miƙo mata hankici. Maimunatu na durƙushe tana amsawa da ka, tana jin kowace sannu na sauka a ƙirjinta kamar dutse. Ta cika alkawari, amma wadda za ta ga ɓarin nan ta ji daɗi ba ta nan.

Asta na zaune a tsakiyar gado, lulluɓe, tun safe kuka take yi ba ta ce wa kowa uffan ba. Mayafin ya ɗan motsa. Ta ɗaga gefensa, ta dubi ƙwaryar, ta dubi farin layin da ke bin wuyan tsohuwar. Ta ja hanci, ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda su biyu kawai za su ji.

"Baiwarmu ta zubar mana da nono."

Maimunatu ta ɗago ta dube ta. Doguwar fuska, siririn wuya a miƙe cikin mayafi, Jummare sak. Hankicin na hannunta, ba ta goge ba. Nonon ya ci gaba da gangarowa a hankali, mai sanyi, ya bi ƙeyarta ya shige cikin riga.